Kaifafa Hoto: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

A zamanin fim, mai ɗaukar hoto yakan shiga ɗakin duhu ya wanke aikinsa, abin da ya fito kuwa shi ke nan. Yau kwamfuta ta gaji ɗakin duhu, kuma da yawa daga cikin masu sana'ar sun koma ɗaukar irin hoton da ake kira RAW, watau ɗanye. Sai dai wanda ya buɗe ɗanyen hoto a karo na farko gabansa yakan faɗi, domin zai gan shi dishi-dishi, bai kai na JPEG fitowa sarai ba. Daga nan kuskure ke somawa, sai mutum ya yi ta ɗura masa kaifi har ya lalata shi.

Wannan dishi-dishin yana da dalili. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ɗigo-ɗigo ne miliyoyi, kuma a yawancin kyamarori kowane ɗigo launi ɗaya tak yake gani. Bryce Bayer na kamfanin Kodak ne ya tsara haka, aka ba shi shaidar mallakar dabarar a 1976: rabin ɗigogin kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sauran launuka biyu na kowane ɗigo kuwa, kwamfuta ce ke kintatarsu daga maƙwabtansa, kintacen nan shi ke dusashe gefunan abubuwa. Ga kuma wani ɗan gilashi da ke gaban farantin a kyamarori da yawa, wanda ke ƙara tausasa hoton da gangan. Shi JPEG dafaffe ne, kyamara ta riga ta kaifafa shi kafin a gani. Ɗanye kuwa, mai shi aka bar wa aikin.

Abin da ya kamata kowane mai sana'a ya riƙe shi ne, kaifafawa irin ta asali ba ta ƙara wa hoto ko silin gashi ɗaya wanda kyamara ba ta kama ba. Iyakar aikinta shi ne, duk inda haske ya yi iyaka da duhu, ta ƙara wa gefen hasken haske, ta ƙara wa gefen duhun duhu, ido ya ɗauka abin ya fito rangaɗau. Dabarar ta girmi kwamfuta, domin tun shekarun 1930 ake yin ta a ɗakunan duhu na Jamus. Saboda haka hoton da hannu ya girgiza, ko wanda saitinsa ya kuskure fuska, ba ya warkewa da ita. Akwai sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke cike gurbin abin da ya ɓace, amma abin da suke sakawa ƙiyasi ne, mai yiwuwa ya saɓa wa kamannin mutumin da aka ɗauka.

Illar wuce gona da iri ta fi bayyana a hoton biki. Sai a ga farin layi ya zagaye hular ango kamar an zana da alli, fatar amarya ta yi kaushi, kowane ɗan ƙurji ya fito fili. Idan kuma a zaure mai ƙarancin haske aka ɗauka, tsakin da ke cikin duhun sai ya tashi kamar an watsa yashi. Ranar ɗaurin aure ba ta dawowa, kuma wanda ya biya kuɗinsa bai ga fuskar 'yarsa yadda ya san ta ba, ba zai sake neman wannan mai hoton ba, balle ya nuna wa wani hanyar shagonsa.

Marigayi Bruce Fraser, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan wannan fanni a 2006, ya kasa aikin gida uku. Na farko, ɗan kaifi kaɗan tun a ɗanyen hoton, don maido da abin da kyamara ta dusashe. Na biyu, kaifi na zaɓi a inda ake son ido ya sauka, kamar ƙwayar ido, ko zanen lalle, ko aikin wuyan babbar riga, a bar fata da sararin sama yadda suke. Na uku shi ne na ƙarshe, bayan an daidaita girman hoton, gwargwadon inda za shi. Wanda za a buga a takarda ya fi bukatar kaifi domin tawada tana bazuwa, wanda za a aika ta WhatsApp kuwa kaɗan ya ishe shi.

A manhajar Lightroom, wadda ta fito a 2007, ma'aunai huɗu ne ke wannan aiki. Na yawan kaifi yana tafiya daga 0 zuwa 150, yakan zo a kan 40. Na faɗin layi daga 0.5 zuwa 3.0 ne, kuma da wuya fuska ta bukaci ya zarce 1.0 da yawa. Na uku yana tono ƙananan siffofi, tare da tsakin da ke maƙale da su. Na huɗu shi ne kariya, wanda aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ceton fata. In aka danne maɓallin Alt ana jan sa, wurin da ya yi fari shi za a kaifafa, wanda ya yi baƙi ya tsira. Wajibi ne a buɗe hoton ɗari bisa ɗari yayin aikin, kana a rage tsaki kafin a ƙara kaifi.

Bisa ga haka, gyara na gaskiya tun wurin ɗauka yake farawa, da hannu mai natsuwa, da gilashi mai tsabta, da saiti a kan ido. Tun ran gini ran zane. Kaifi kuwa tamkar gishiri yake a miya, in mai ci ya ji shi daban, to ya yi yawa. Kuma duk abin da za a yi, a adana ɗanyen hoton na asali, domin shi ne mafita ranar da hannu ya zarce.