Wa Ya Ce Soyayya Sai Da Rawa?

Jama'a, ran nan na ji wani abokin karatunmu yana kushe wani tsohon fim na Faransa, wai ba launi, ba rawa, ba dambe, sai sa barci. Haba malam! Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Sunan fim ɗin Une aussi longue absence, watau doguwar rabuwa. Henri Colpi ya shirya shi, kuma a 1961 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, amma yau ba kowa ke tunawa da shi ba. Labarin Thérèse ne, mai gidan shan gahawa a Puteaux, gefen birnin Faris. Jamusawa sun kama mijinta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shekara 16 ba amo ba labari. Kwaram, sai ga wani mai yawon bola yana wucewa ta ƙofarta, ta ce lalle shi ne. Shi kuwa ko sunansa bai tuna ba.

To, me ta yi? Ta ba shi abinci, ta sa masa kiɗa ko Allah zai sa ya tuna, har ta ga tabo a ƙeyarsa. Da maƙwabta suka ƙwala masa kira da sunan mijin nata, sai ya tsaya cik ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda soja suka ritsa, sa'an nan ya ranta a na kare. Ita kuwa ta ce za ta jira sanyi ya shigo, wataƙila ya dawo.

Ku gaya mini, wace waƙar cikin lambu ce ta kai wannan taɓa zuciya? Finafinan Indiya sun saba mana da cewa masoyi sai ya yi ta shelar sonsa. Alhali mu aka raina da kunya da kawaici, mu ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Malamanmu na Malikiyya ma sun san zafin nan, shi ya sa suka yanka wa matar wanda ya ɓace jiran shekara 4. Matan Barno nawa rikici ya bari cikin irin wannan zulumi, ba su ga miji ba, ba su ga gawa ba?

Wanda ya yi gyangyaɗi gaban Thérèse, kada ya ɗora wa fim laifi. Haƙurin kallo ne ba shi da shi, balle haƙurin so. Ya koma ya sāke kallo, sa'an nan mu yi magana.