Ku Daina Tsine Wa Direba Kan Kuɗin Dako



Duk ranar da kuɗin ɗaukar buhu daga Rogo zuwa Dawanau ya ƙaru, direba ake fara tsine wa. Wai ba su da imani, wai sun ga kaka ta yi kyau shi ne suka ɗaga. Har da masu iliminmu ake cewa ai tallafin da Tinubu ya cire ranar 29 ga Mayu, 2023 na fetur ne, babbar mota kuwa gas take sha, to ina ruwansu da kuka? Masu wannan magana sun karanta rabin shafi ne suka rufe littafin.

Gaskiya ne gas ba shi da tallafi tun 2003, zamanin Obasanjo. Wato mai babbar mota ya yi shekara 20 yana sayen mai a farashin kasuwa, mu masu mashin da ƙananan motoci muna shan mai rangwame. A farkon 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, kafin shekarar ta ƙare ta kai 800. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke 460 da 'yan kai a banki ta haura 1,500 a farkon 2024, gas kuma ya tsallake 1,000. Dalar nan ita ke sayen taya, ita ke sayen batir da man juye da duk wani ƙarfen da bakanike zai turo ka nema a Ƙofar Ruwa.

Yanzu ku dubi mai mota ɗaya, irin namu, wanda ya sayar da shanu ko ya jinginar da gona, ko kuma ya karɓi motar yana biya sannu a hankali. Kuɗin dakon da kuke gani da yawa, kafin ya tayar da mota an fara yanka shi. Ɗan kamashon da ya samo lodi ya cire nasa, tasha ta karɓi nata, ga abincin yaron mota. Sai hanya. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ce, kuma wanda bai taɓa zama gaban mota ya bi ta ba ba zai yarda da yawan hannayen da ake miƙowa ba: mai kaki da marar kaki, mai rasit da mai gora da katako mai ƙusoshi. Wannan ya ce kuɗin amfanin gona, wancan ya ce na ƙaramar hukuma, na gaba ya ce takardar da ka yanka a jihar baya ba ta aiki a tasa. In ya sauke a Mile 12 bai sami lodin dawowa ba, ya dawo fanko, gas ɗin dawowar daga aljihunsa. Giya ta kama sau ɗaya, ribar wata guda ta tafi, mai bashi kuma ba ya jin "mota na gareji".

Amma direbobinmu, ku ma ku saurara, don in an zo batun zanga-zanga kuna bari ana yin ta da ƙarfinku, wasu su ci amfanin. Ranar 19 ga Fabrairu, 2024 ƙungiyar NARTO ta masu motocin haya ta dakatar da dakon mai saboda tsadar gas. Washegari an zauna da su a Abuja, an yi maganar ƙarin kuɗin dakon tankoki, an janye. Madalla da su. To mai Kanta ɗaya da ke kwasar masara daga ƙauyukan Rogo, ko kayan lambu daga bakin dam ɗin Challawa, me aka ƙara masa? Ko sunansa ba a ambata ba a teburin.

Sai kuma a ce a gindaya motoci a tare hanya. Mun ga ƙarshen wannan. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta hana kai kaya Kudu, aka tsayar da motoci a Jebba. Ƙorafinsu na gaskiya ne, har da harajin hanya a ciki. Sai dai cikin mako guda tumatir da albasa suka faɗi warwas a Arewa, kwandon da manomi ya kashe kuɗi a kai ya koma ba mai tayawa. Ɗan Legas ya sha tsada na 'yan kwanaki, manominmu ya yi asarar rani guda, shingayen kuma suna nan inda suke.

Farashin gas ba a Karaye ake yanka shi ba, ba kuma a Kano ba. Shinge kuwa a ƙofar gidanmu yake. Tun 1998 aka yi dokar tarayya da ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, kowa ne kuwa, ko da hukumar harajin ce da kanta. Nan ya kamata ƙarfin ya tafi. Masu mota ɗai-ɗai na ƙananan hukumomin nan biyu su haɗu, kowa ya tara rasit ɗin da aka yanka masa na wata guda, a rubuta wuri da rana da adadin kuɗi. A kai wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu, a kai fadar Sarkin Karaye tunda Rogo ma a masarautarsa take, a miƙa wa 'yan majalisarmu na jiha, a tambaye su wanne ne a cikin waɗannan ya shiga asusun gwamnati. Manoma da 'yan kasuwar hatsi su sa hannu tare da su, domin kuɗin shingen nan a kan buhunsu ake ɗora shi. Kuma tun kafin mota ta bar gida a nemi lodin dawowa ta waya tsakanin junanku, taki ne, siminti ne, kayan masarufi ne, ba sai an je an zauna jiran ɗan kamasho kwana uku a bakin kasuwa ba.