Wanda Bai Yarda Da Allah Ba, Ana Ba Shi Amana?

Ta wayar salula muhawarar ta iso mana. Samarinmu na New Bell da sauran unguwannin Hausawa a Duwala suna bin abin da ake tafkawa a Facebook da TikTok daga Kano da Kaduna, har da maganganun waɗanda suka ce sun bar addini ɗungurungum, ba su yarda akwai Mahalicci ba. Amsar da aka fi bayarwa a majalisa da kan mumbari guda ce: wanda ba ya tsoron Allah babu abin da ba zai aikata ba, don haka ba shi da tarbiyya, ba a ba shi amana. Wannan jarida ba ta tare da masu musun samuwar Allah, kuma muna ganin sun tafka babban kuskure. Sai dai amsar nan da ake jifansu da ita ba ta da ƙwari, kuma mu mazauna Duwala mun fi kowa dalilin sanin haka.

Ba mutanenmu kaɗai ke ba da waccan amsa ba. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2019, kashi 93 cikin ɗari na 'yan Najeriyar da aka tambaya sun ce sai mutum ya yi imani da Allah zai zama na kirki. A Suwidin kashi 9 ne kacal suka ce haka. To, a ajiye wannan gefe guda, a ɗauko jadawalin ƙungiyar Transparency International. A 1996 da 1997 Najeriya ce ta zo ƙarshe, wato ita aka fi zargi da cin hanci cikin ƙasashen da aka auna. A 1998 da 1999 Kamaru ta karɓe ta, Denmak kuma tana can sama. A 2000 Najeriya ta sake amsar kambunta. Shekara biyar a jere maƙwabta biyu da masallatai da coci-cocinsu ke cika maƙil suna miƙa wa juna wannan abin kunya. Ba rashin addini ne ya wanke Denmak ba, kotunan da ke aiki ne da jami'an da suka san za a bincike su. Amma da imanin baki yana hana sata, da shirin yaƙi da cin hanci na Épervier da aka fara a Kamaru a 2006 bai tura tsohon firaminista da ministoci kurkuku ba, cikinsu akwai Kirista akwai Musulmi.

Mu dawo gida. New Bell tun asalinta unguwar baƙi ce. Jamusawa suka yanke ta lokacin da suke ƙwace filayen bakin kogin Wouri daga hannun Duwalawa, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Masu gari ba su so wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa, Bamilike, Basa, Ewondo, da mutanen ƙasashen maƙwabta. Sama da shekara ɗari ke nan kakanninmu da iyayenmu suna cin abinci da amanar mutanen da ba su haɗa alƙibla da su ba. Mai saukar da albasar Marwa a kasuwar Sandaga yana ba da buhuna bashi ga matar da bai taɓa tambayar cocin da take zuwa ba, balle ya san ko tana zuwa. Mai canji a Akwa, da mahaucin da ke ɗaukar nama daga mayankar Bonaberi, da mai zubin adashi da maƙwabtansa Bamilike, duk tambayarsu ɗaya: wa ya san shi, ya taɓa cin kuɗin wani, yana cika alkawari? Kuma duk ɗan kasuwar da ya daɗe a Kasuwar Kwango zai iya ba ka labarin wanda ya cuce shi alhali tare suke tsayawa a sahun gaba.

Za a ce ai waɗannan masu addini ne, addinin ne ya bambanta. Gaskiya ne, galibinsu haka suke. Amma a duba tarihin da muke karantar da yaranmu a Islamiyya. Mushrikan Makka sun yarda akwai Allah, sai dai sun ƙaryata tashin ƙiyama, wato ba tsoron hisabi ke riƙe da su ba. Duk da haka su ne suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla yarjejeniyar Hilful Fudul don ƙwato wa wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman haƙƙinsa, kuma Manzon Allah (SAW), wanda ya halarta yana matashi, ya yabi wannan yarjejeniya bayan an aiko shi. Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda ya mutu bai musulunta ba, shi ya ba Manzo mafaka da ya dawo daga Ɗa'ifa. A tafiyar hijira kuwa, ran Manzo da na Sayyidina Abubakar an damƙa su ne ga jagoran hanya Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin yana kan addinin mutanensa. An ba shi amana mafi tsada a tarihinmu, bai ci ba.

Malaman tauhidi ma sun tattauna wannan mas'ala tun ƙarni na farko-farko. Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana gane kyakkyawa da mummuna. Ash'arawa, waɗanda aƙidarsu ce zaurukanmu suka gada ta littattafai irin na Imam Sanusi, suka ce lada da zunubi sai da wahayi ake saninsu. Maturidawa suka tsaya tsakani. Amma ko Ash'arawan ba su ce ɗan Adam ba zai ji ƙyamar zalunci ko ya ga kyan gaskiya ba sai an karanta masa aya. Saɓaninsu a kan tushen hukunci ne da sakamakon lahira. Abin da mumini zai ce, kuma mu ma shi muke cewa, shi ne Allah ya halicci kowa da wannan ma'auni a zuciya, har wanda ke musun Sa. Wannan hujja ce da za a iya zama da mai shakka a yi ta da shi. Cewa duk mara imani ɓarawo ne kuwa, yaron da ya yi karatu da abokai daga ko'ina zai gane ba haka ba ne, daga nan sai ya fara zargin sauran abin da malamin ya faɗa masa.

Ba muna rage wa imani daraja ba ne. Mutanen Duwala ba su manta da shekarun 2000 da 2001 ba, zamanin rundunar Commandement Opérationnel, lokacin da aka kama samari tara na Bepanda kan zargin satar tukunyar gas, ba a sake ganinsu ba har yau. Cikin 'yan ƙalilan da suka iya buɗe baki a kan kashe-kashen wancan lokaci akwai Kadinal Christian Tumi, kuma imaninsa ne ya tsaya masa. Masu cewa addini ne tushen kowace ɓarna su ma su je su karanta abin da Khmer Rouge suka yi a Kambodiya daga 1975 zuwa 1979 bayan sun rufe wuraren ibada.

Abin da ya fi damun mu shi ne inda waccan amsa take kai mutane. Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano, danginsa sun kai shi sashen masu taɓin hankali a 2014 da ya ce ya bar addini. An kama shi a Kaduna ranar 28 ga Afrilu 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa shekara 24 a Afrilu 2022, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da su biyar a 2024. Kalamansa sun ƙona ran Musulmi, ba ma kare su. Amma shekara 24 ta fi abin da ɓarayin gwamnati da yawa suka samu. Wata guda da 'yan kwanaki bayan hukuncin farko, ranar 12 ga Mayu 2022, ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Sakkwato kan zargin ɓatanci, suka cinna wa gawarta wuta, ba alƙali ba shaida.

A Kano Musulmi ne masu rinjaye. A Duwala mu tsiraru ne, kuma wannan ya kamata ya sa mu yi tunani sau biyu. Kundin tsarin mulkin 1996 ya ce Kamaru ba ta da addinin gwamnati. Wannan layi shi ke kare wanda ba ya zuwa masallaci ko coci, kuma shi ne dai ke kare kiran sallar asuba a New Bell. Mun ɗanɗana yadda ake ji idan aka auna mutum da aƙidar da ake zato yana da ita. Bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na Fotokol da Marwa a Yulin 2015, an hana sa niƙabi har a nan jihar Littoral, mai gemu da doguwar riga ya zama abin kallo a tasha. A lokacin mun roƙi a duba aikinmu, a bar zato. Ba zai yi mana kyau mu hana wani abin da muka roƙa wa kanmu ba.

Laifi tudu ne. Idan aka yi ihun ɓarawo a Ndokoti ko Nkololoun, aka kawo taya da fetur, waɗanda ke taruwa ba masu musun Allah ba ne. A tambaye su, kusan kowa zai faɗi masallacinsa ko cocinsa. Muna kira ga limamanmu su ba wannan ɗabi'a, da tauye mudu, da cin kuɗin marayu, irin lokacin da suke ba zindiƙan intanet a huɗuba. Yaron da ya zo da shakka a zaunar da shi gaban malamin da ya san tauhidi da hujjojinsa, kada a kore shi daga gida ko a kai shi asibitin mahaukata. Wanda kuma ya wuce shakka ya koma zagi, sashe na 241 na dokar laifuffuka ta Kamaru ya tanadi hukuncin cin mutuncin addinin jama'a, kuma alƙali ne ke yanke shi.