Yaron Da Ya Ajiye Bindiga, Wace Makaranta Za Ta Karɓe Shi?

Akwai wata magana da na daɗe ina so in kawo gaban malaman makaranta da ma'aikatan ofis, domin a kan teburinsu ta ke ƙarewa, ko sun so ko sun ƙi. Maganar kuwa ita ce ta yaran da aka sa su yaƙi tun ba su mallaki hankalin kansu ba. Sa'ad da yaƙi ya ƙare, manya su kan sa hannu a takarda, a yi fareti, kowa ya kama gabansa. To, yaron fa, ina za shi?

Mutanen Saliyo sun riga mu shan wannan tambaya, sojojinmu kuwa da suka je can cikin rundunar ECOMOG sun gani da idonsu. An yi yaƙin basasa a ƙasar daga 1991 zuwa 2002. 'Yan tawayen RUF su kan kama yaro ɗan shekara tara ko goma, su ɗirka masa ƙwaya, su ba shi bindiga, wani lokaci ma su tilasta shi ya yi ta'asa a garinsu na haihuwa, don kada ya sami fuskar komowa. Da aka zo karɓar makamai, cikin mayaƙa fiye da 72,000 da aka sallama, 6,845 yara ne.

Abin da aka yi musu wajen karatu shi ne ya kamata mu lura da shi. Saurayi ɗan shekara 16 wanda bai san baƙi ba, ba zai yarda ya zauna benci ɗaya da ɗan shekara shida ba, kuma duk malamin da ya taɓa riƙe aji ya san dalili. Saboda haka aka shirya karatun gaggawa, watau aka dunƙule aikin shekara shida na firamare ya koma shekara uku. Sa'an nan aka yi wata dabara wadda ni a ganina ta fi wannan. Makarantar da ta karɓi irin yaron nan ba ta karɓi kuɗin makaranta a hannunsa ba, sai aka biya ta da littattafai da kayan aiki waɗanda dukan 'yan makaranta za su mora. Ta haka zuwansa ya zama alheri ga 'ya'yan kowa.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma ban raina maganarsu ba. Za su ce, ashe wanda ya sare hannun mutum shi za a yi wa gata, mai dungu kuwa yana bakin kasuwa yana bara? An yi wannan gunaguni a Saliyo, kuma da gaskiyarsu. Wanda aka ƙone wa gida ba wanda ya isa ya tilasta masa yafewa. Amma a tuna, yaron nan kama shi aka yi, da yawansu a hanyar gona ko ta rafi. Kotun musamman da aka kafa ba ta gurfanar da yaro ko ɗaya ba, manya ta bi. A 2012 ta yanke wa Charles Taylor na Laberiya ɗaurin shekara 50, cikin laifuffukansa har da sa yara yaƙi. Kadan kuwa aka kori yaron daga makaranta, aka kore shi daga gari, sana'a ɗaya ya iya, masu neman mai wannan sana'a kuwa ba su ƙare ba.

Wata malama Ba'amurkiya, Theresa Betancourt, ta soma bin sawun yara fiye da 500 a Saliyo tun 2002, ta yi ta komawa wurinsu har suka girma suka haihu. Ta tarar waɗanda danginsu da mutanen garinsu suka karɓe su, da waɗanda suka dage a makaranta, sun fi samun natsuwa da iya zama da mutane. Waɗanda aka yi ta nunawa da baki kuwa, ciwonsu ya fi daɗewa. A kan ba da misali da Ishmael Beah, wanda ya ɗauki bindiga yana ɗan shekara 13, daga baya ya gama jami'a a Amurka, ya fitar da littafin labarinsa a 2007. Kada dai a manta, kafin ya ga Amurka sai da wani ɗan'uwan mahaifinsa a Freetown ya buɗe masa ƙofar gida.

Inda Saliyo ta kāsa shi ne wajen 'yan mata. Kimanin 500 kaɗai suka shiga shirin sallama, alhali kuwa an kwashi dubbai. Da yawa sun sulale gida a ɓoye, waɗansu da goyo, ba wanda ya rubuta sunansu, balle makaranta.

Mu ma abin ya iso mu. A Borno, bayan yarjejeniyar da 'yan kato da gora suka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, sun sallami yara 833 a 2018, da 894 a 2019, ban da waɗanda suka fito daga hannun Boko Haram. Ni da kaina na ga hedimasta, ba zan faɗi inda ya ke ba, ya mai da wani yaro gida wai ba shi da takardar shedar haihuwa. Wa ke ba da takarda a daji?

Abin da na ke roƙon hedimastoci shi ne su karɓi yaron, a kimanta shekarunsa, a gwada karatunsa, a sa shi ajin da ya dace da girmansa, a ba shi malami ɗaya mai haƙuri wanda zai riƙa duba shi. Akawu kuma, sa'ad da ya zo cika rajista, ya rubuta sunan yaron da na mahaifinsa da garinsu, kamar na kowa, ya bar gefen takarda fari.