BASHIN GIDA A ƘASAR WAJE: RANAR SABUNTAWA TA FI RANAR SAYE WUYA

Tun daga 1976 da aka mai da Minna babban birnin Jihar Neja, burin mai hali a garin bai wuce ya sami fili a Tunga ko Bosso ya gina gida da kuɗin hannunsa ba, yau bulo gobe kwano, ba tare da ya taka ƙofar banki ba. Yanzu kuwa zance ya sake. Tallar gidajen Dubai da Landan tana shigowa wayoyin 'yan kasuwa da 'yan kwangila dare da rana, dillalai kuma magana ɗaya suke nanatawa, watau a ba da kafin alƙalami, banki ya cika saura, ɗan haya ya biya bashin. Maganar da daɗin ji, amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba.

Da farko, baƙo ba ya samun abin da ɗan ƙasa ke samu. A 2002 ne Dubai ta yarda baƙi su mallaki gidaje a wasu keɓaɓɓun unguwanni. A 2013 Babban Bankin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya kafa doka cewa baƙon da ke zaune a ƙasar ba za a ranta masa fiye da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin gidansa na farko ba, aka ɗaga zuwa kashi 80 a 2020. Gidan da ba a gama ginawa ba kuwa rabi ne iyakarsa, kuma bashin ba ya wuce shekara 25. To, wannan duk na mazaunin can ne. Wanda ke zaune a Minna, galibi rabin kuɗin gidan ko kashi 60 bankuna ke yarda su ba shi, sa'an nan ga kashi 4 na Ofishin Filaye na Dubai wanda ake biya lokacin sauya sunan mai gida.

A Ingila ma haka abin yake, har da ƙari. A watan Afrilu na 2021 aka ƙara wa wanda ba mazaunin ƙasar ba kashi 2 cikin ɗari a kan harajin sayen gida. Wanda ya riga ya mallaki wani gida kuma, akwai wani ƙarin, wanda ya tashi daga kashi 3 zuwa 5 a watan Oktoba na 2024. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, ana lissafa gidan da mutum ya mallaka a ko'ina a duniya, muddin darajarsa ta kai fam 40,000. Watau babban gidan nan na Tunga yana iya ja wa mai shi haraji a Landan.

Sai batun takardu. Banki zai nemi sanin asalin kowane kwabo, da bayanan ajiya na watanni, da shaidar biyan haraji. Attajirin Kasuwar Kure wanda cinikinsa na hannu da hannu ne, ko da ya fi manajan bankin arziki, a nan yake tsayawa. Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ke sa wa ido a watan Fabrairu na 2023, ba ta fita ba sai Oktoba na 2025, kuma a tsakanin nan bincike ya ƙara tsanani a kan 'yan ƙasar. Har ila yau Minna garin ma'aikata ne, saboda haka ya kamata a tuna cewa Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamna da mataimakinsa da kwamishinoni da 'yan majalisa buɗe ajiya a bankin ƙasar waje, dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma ta faɗaɗa hanin. Bashin gida kuwa da wuya a biya shi ba tare da ajiya a can ba.

Duk wannan wahalar shiga ce, kuma mai haƙuri yakan wuce ta. Babbar wuyar tana gaba. A Ingila ba a cika tsai da kuɗin ruwa na tsawon bashin duka ba, sai na shekara 2 ko 5. In wa'adin ya cika, ko dai mutum ya sabunta yarjejeniya, ko ya juya bashin zuwa wani banki, ko kuwa a mai da shi kan farashin banki na yau da kullum, wanda ya fi tsada. Daga Disamba na 2021 zuwa Agusta na 2023 Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa sau 14 a jere, daga kashi 0.1 zuwa 5.25. Ana cikin haka, a watan Yuni na 2023, Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

A ɗauki misali. A ce wani ɗan kasuwa a Minna ya ranci fam 200,000 a farkon 2022, a kan kashi 3.5 cikin ɗari na shekara 2, yana biyan ruwa kawai, uwar kuɗi tana jira. Fam 583 ke nan a wata, watau kamar Naira 450,000 a farashin 'yan canji na lokacin, sa'ad da fam ke wajen Naira 770. A ce da wa'adi ya cika a 2024 sai aka ce masa kashi 7. Biyan wata ya zama fam 1,167, fam kuma ya kai wajen Naira 1,900, abin ya tashi Naira miliyan 2.2, kusan ninki biyar. Uwar kuɗin da take Naira miliyan 154 ta koma miliyan 380, alhali kuwa bai ƙara ranto ko sisi ba.

Dillali zai amsa cewa ai darajar gidan ma ta hau in aka auna da Naira, kuma ɗan haya fam yake biya. Gaskiyarsa ce, amma rabinta. Bankunan Ingila sukan nemi kuɗin haya ya kai aƙalla kashi 125 cikin ɗari na kuɗin ruwa, wasu har 145. A misalin nan sai hayar ta kusa fam 1,460 a wata kafin sabon banki ya saurare shi, kuma daga cikinta ne za a cire haraji da gyara da ladan wakili da watannin da gida ya zauna ba kowa. In hayar ta gaza, sai a ce ya rage uwar kuɗin da abin hannunsa, abin hannunsa kuwa Naira ne. Bugu da ƙari, bankunan da ke mu'amala da wanda ba mazauni ba 'yan kaɗan ne, ba shi da wurin tayawa da yawa, kuma duk takardun da ya kawo da fari sai ya sake kawo su.

Dubai ba ta kuɓuta ba, domin Dirhami a ɗaure yake da Dala a kan 3.67, duk sa'ad da Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa sai ta bi. Sauƙin da ke akwai shi ne, tarar biyan bashi kafin lokaci ba ta wuce kashi 1 ko Dirhami 10,000, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Amma sabon banki sai ya sake kimanta gidan, kuma garin ya taɓa ganin farashi ya faɗi da kusan rabi a 2008 zuwa 2009. Wanda gidansa ya gaza bashinsa daraja, babu bankin da zai karɓe shi.

Masu gudun riba suna da hanyarsu. Dubai Islamic Bank, wanda aka kafa a 1975, da bankuna irin su Gatehouse a Landan, suna sayen gida tare da mutum, yana biyan hayar kasonsu yana kuma sayensa kaɗan kaɗan. Sai dai ita ma hayar ana sake duba ta in wa'adi ya cika, kuma da fam ko Dirhami ake biya, don haka ranar nan tana jiransa shi ma.

Wanda irin wannan bashi ya dace da shi, shi ne mai samun kuɗin waje a kai a kai, kamar mai fitar da kaya ko wanda 'ya'yansa ke aiki a can, tare da ajiyar biyan watanni a cikin kuɗin da aka ranta. Ma'aikacin da ke zuba kashi 2.5 na albashinsa a Asusun Gidaje na Ƙasa tun dokar 1992 kuwa, bashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kashi 6 ne, da Naira, ko da yake samunsa sai da dogon jira.

In abin ya gagara aka sayar da gidan Ingila, tilas ne wanda ba mazauni ba ya sanar da ofishin haraji cikin kwana 60, ko an ci riba ko ba a ci ba. In kuwa mai gidan ya rasu yana riƙe da shi, harajin gado na kashi 40 yana hawa abin da ya haura fam 325,000 bayan an cire bashi, kuma in bai bar wasiyya a rubuce ba, da dokar Ingila za a raba gidan, ba da hukuncin alƙalin Minna ba.