Kwana 49 a kasuwa: abin da ya kayar da kwamfutar allon HP

Kusan kowace shekara sai an ji wani kamfani ya buga ganga yana shelar cewa ya ƙera sabuwar kwamfutar allo wadda za ta ture waɗanda suka riga ta. Kwamfutar allo ita ce na'urar nan shafaffa mai siffar allon almajiri, wadda ake sarrafawa da yatsa bisa gilashi, babu maɓallan rubutu a jikinta. In aka yi irin wannan shela, tambayar da ƴan kasuwa da masu saye ke yi guda ce: shin baƙuwar za ta samu wurin shimfiɗa tabarma a kasuwar da manya suka riga suka kama rumfuna? Mai neman amsa ba sai ya je wurin mai bugun ƙasa ba. Ya isa ya waiwayi abin da ya faru a Amurka a tsakiyar shekara ta 2011, lokacin da kamfanin Hewlett-Packard, wanda aka fi sani da HP, ya fito da tashi na'urar mai suna TouchPad, ya kuma janye ta bayan kwana 49 kacal.

Kafin zuwan TouchPad kasuwar tana da mai ita. A ranar 27 ga watan Janairu na 2010 ne Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, ya nuna wa duniya iPad a birnin San Faransisko, aka fara sayar da ita ranar 3 ga Afrilu a kan dalar Amurka 499. Cikin kwana 28 an sayar da miliyon guda, kafin ƙarshen shekarar kuwa adadin ya kusa kai miliyon 15. A watan Maris na 2011 Apple ya sake fito da iPad ta biyu, wadda ta fi ta farko sauƙin ɗauka da saurin aiki, farashi kuma bai motsa ba. Ke nan duk wanda zai shigo bayan wannan lokaci zai tarar da abokin gaba da ya shekara yana ciniki, ya san masu sayensa, su ma sun san shi.

HP kuwa ba ƙaramin alhaki ba ne. A wancan zamani babu kamfanin da ya kai shi sayar da kwamfutoci a duniya baki ɗaya, kuma yana da dillalai a kowace nahiya. A watan Afrilu na 2010 ya ba da sanarwar sayen kamfanin Palm a kan dalar Amurka miliyar 1 da miliyon 200. Abin da ya ja hankalinsa shi ne webOS, wato babbar manhajar da Palm ya ƙirƙira, wadda ita ce ke tafiyar da dukkan aikin na'ura kamar yadda direba ke tafiyar da mota. Masana sun yaba wa webOS ƙwarai, musamman yadda take jera ayyukan da mutum ya buɗe tamkar katunan karta, ya koma ga wanda yake so, ya ture wanda ya gama da shi da ɗan yatsa. Ga kuɗi, ga suna, ga fasaha, ga hanyoyin rarraba kaya. Bisa takarda dai, da wuya a samu baƙon da ya shigo da guzuri kamar wannan.

An fara sayar da TouchPad a Amurka ranar 1 ga watan Yuli na 2011. Kuskuren farko yana rubuce a jikin takardar farashi: dalar Amurka 499, kimanin jika 230 na kuɗin sefa a canjin lokacin, daidai da kuɗin iPad ba ragin ko tamma. Wanda ya shiga kanti ya ɗaga su biyun zai ji bambanci a hannunsa, domin TouchPad tana da nauyin giram 740, iPad ta biyu kuwa giram 601, kaurin ta farkon ya haura milimita 13, na ta biyun bai kai 9 ba. Ƴan jaridar da suka gwada ta sun kuma yi ƙorafin cewa tana jan ƙafa wajen buɗe ayyuka.

Babban ciwon yana wajen manhajoji, wato ƙananan shirye-shiryen da ake zuba wa na'ura domin karanta jarida, kallon fim, wasa, lissafi ko koyon karatu. Ranar da TouchPad ta fito, manhajojin da aka tsara musamman dominta ba su wuce 300 ba. A daidai wannan lokaci iPad tana da kusan 100.000. Dalilin wannan tazara ba ɓoyayye ba ne. Masu rubuta manhaja ƴan kasuwa ne, ba sa ɓata wata da watanni suna yi wa na'urar da ba ta da masu saye aiki. Masu saye su ma ba sa zuba kuɗinsu a na'urar da ba ta da manhajoji. Kowane ɓangare yana jiran ɗan'uwansa ya fara taka rawa, mai ganga kuma yana ta kiɗa shi kaɗai. Wanda ya riga kowa shiga kasuwa ya tsallake wannan tarko tun tuni, domin kowane sabon mai saye yana jawo masa sabon mai rubutu, kowace sabuwar manhaja kuma tana jawo masa sabon mai saye. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi.

Ba a ɗauki lokaci ba kaya ya yi kwantai. A farkon watan Agusta HP ya rage dala 100 daga farashin, amma ciniki bai tashi ba. A tsakiyar watan ne labari ya fito a jaridun Amurka cewa Best Buy, babban mai kantunan kayan lantarki na ƙasar, ya karɓi na'ura 270.000, ya sayar da kimanin 25.000 kawai, yana kuma son a zo a kwashe sauran. Ranar 18 ga Agusta shugabannin HP suka ba da sanarwar daina ƙera duk wata na'ura mai aiki da webOS. A wannan rana ce kuma suka ce suna tunanin raba kamfanin da sashensa na kwamfutoci, suka kuma bayyana sayen wani kamfanin manhaja na Ingila mai suna Autonomy a kan kuɗin da ya haura dala miliyar 10. Kashegari hannun jarin HP ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai koyar da darasi. Domin ya rabu da kayan, HP ya yi gwanjonsu: ƙaramar a kan dala 99, wato kimanin jika 45, babbar a kan dala 149. Nan take na'urar da aka yi mako bakwai ana wuce ta ba a ko kallo ta zama abin rububi. Mutane suka yi layi a ƙofar kantuna tun da asuba, cikin ƴan kwanaki kaya ya ƙare ƙarƙaf, har sai da kamfanin ya yi alkawarin sake ƙera wani kaso na ƙarshe. Na'urar ba ta canza ba, nauyinta yana nan, manhajojinta ba su ƙaru ba. Farashi kaɗai ya sauka. Wannan ya nuna cewa akwai miliyoyin mutane masu sha'awar kwamfutar allo waɗanda aljihunsu bai kai dala 499 ba, kuma babu wanda ya kula da su. To amma fa HP ba zai iya zama a wannan farashi ba, domin masu bincike na kamfanin iSuppli da suka kwance na'urar sun ƙiyasta cewa kayan cikinta kaɗai sun ci kusan dala 300. Duk guda da aka sayar a gwanjo, uwar kuɗi ce take zuba.

Akwai kuma batun haƙuri. Mark Hurd, shugaban da ya ƙulla cinikin Palm, ya sauka daga kujerarsa a watan Agusta na 2010, wata guda bayan kammala sayen. Wanda ya gaje shi, Léo Apotheker, ya fito ne daga kamfanin SAP na Jamus, inda sana'arsa ita ce sayar wa manyan ma'aikatu manhaja, hankalinsa kuma can ya karkata. Ya gaji gonar da ba shi ya share ba, da ya ga shuka ba ta tsiro cikin mako bakwai ba sai ya bar ta. Shi ma bai daɗe ba, domin ranar 22 ga Satumba na 2011 aka sallame shi, Meg Whitman ta hau kujerar. Masu rubuta manhaja suna kallon irin waɗannan abubuwa da idon basira. Kamfanin da bai tabbatar musu zai jure asarar shekara biyu ko uku ba, ba za su ɗora kayansu bisa jakinsa ba.

Ba HP kaɗai ya faɗa wannan rami ba. A watan Afrilu na 2011 kamfanin RIM na Kanada, mai wayoyin BlackBerry, ya fito da PlayBook, ita ma a kan dala 499, kuma babu manhajar aika wasiƙa ta kanta a cikinta, alhali da wasiƙa ne kamfanin ya yi suna. A watan Disamba ya amsa asarar dala miliyon 485 a kan kayan da ya yi kwantai. A watan Oktoba na 2012 Microsoft ya shigo da Surface RT, farashi dai shi ne dala 499, ga shi kuma ba ta karɓar tsofaffin manhajojin Windows da mutane suka saba da su. A watan Yuli na 2013 ya rubuta asarar dala miliyon 900. Manyan kamfanoni uku ke nan, kowanne ya tsaya gaban rumfar Apple yana tallar kaya iri ɗaya a kuɗi ɗaya, kowanne kuma ya koma gida da kayansa bisa kai.

Wanda ya shigo ta wata ƙofa daban shi ne Amazon, babban kantin sayar da littattafai da kayayyaki ta intanet. Ranar 28 ga Satumba na 2011, kwana 41 bayan janye TouchPad, shugabansa Jeff Bezos ya gabatar da Kindle Fire a birnin Niyok a kan dala 199. Ƙarama ce, babu kamara a jikinta, babu wani ado. Masu binciken iSuppli sun ƙiyasta cewa ƙera ta yana cin kusan dala 202, ma'ana Amazon ba ya samun ko sisi a kan ƙarfen. Ribarsa tana zuwa daga baya, a kan littattafai da finafinai da waƙoƙi da sauran kayan da mai na'urar zai riƙa saye daga kantinsa shekara da shekaru. Kamar mai shayi ne da ya ba da kofi kyauta domin ya san kullum wurinsa za a zo a cika shi. A wata ukun ƙarshe na 2011, cibiyar ƙididdiga ta IDC ta ce Amazon ya fitar da na'ura miliyon 4 da dubu 700, abin da ya sa shi na biyu bayan Apple a wannan zango.

Microsoft ma ya gyara tafiya. Maimakon ya ci gaba da kwaikwayon iPad, sai ya mayar da hankali ga Surface Pro, wadda ke aiki da cikakkiyar Windows, ana kuma maƙala mata maɓallan rubutu. Da fitowar ta uku a 2014 ya tallata ta a matsayin allon da zai maye gurbin kwamfutar cinya ta ma'aikaci, a nan ne kuma ya samu masu saye. Samsung na Koriya ta Kudu kuwa ya bi hanyar naci. Tun 2010 yake fitar da Galaxy Tab manya da ƙanana, masu tsada da masu araha, bisa manhajar Android ta Google wadda kamfanoni da yawa suke tarayya a kanta, don haka bai ɗauki nauyin tara masu rubuta manhaja shi kaɗai ba. A ƙididdigar shekara ta 2024 Apple ne a gaba, Samsung yana biye da shi.

Daga waɗannan labarai mai karatu zai iya fitar da ma'aunin da zai auna duk wata sabuwar kwamfutar allo da aka yi wa shela. Da farko ya duba farashinta kusa da na wadda ta riga ta, domin in kuɗi ɗaya ne mai saye zai koma ga wadda ya sani. Na biyu ya tambaya wace babbar manhaja ce a cikinta, kuma manhajoji nawa ne suke aiki da ita yau, ba waɗanda aka yi alkawarin zuwansu baɗi ba. Na uku ya bincika daga ina mai ita yake sa ran cin riba, daga ƙarfen ko daga abin da zai biyo baya, domin wannan ne ke nuna iya inda zai iya sauke farashi. Na huɗu ya dubi tarihin kamfanin, ko mai jurewa ne ko mai saurin naɗe tabarma. Google da kansa ya ce ya daina ƙera kwamfutar allo a 2019, sannan ya dawo da Pixel Tablet a 2023.

Wannan ma'auni ya shafi mai saye fiye da kowa. Kamfani in ya faɗi yakan rubuta asararsa a littafi ya kama wata sana'a, amma wanda ya sayi na'urar shi ake bari da marainiya a hannu: babu sabbin manhajoji, babu gyaran kurakurai, kayan gyara kuma sai an sha wuya. A shekara ta 2015 HP ya rufe rumbun manhajojin webOS gaba ɗaya, waɗanda suka yi layi da asuba a 2011 suka rasa ƙofar da kamfanin ya buɗe musu ta ɗauko sabon abu.

Ita kuwa webOS ba ta mutu ba. A watan Fabrairu na 2013 kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya saye ta daga hannun HP, ya zuba ta a cikin akwatunan talabijin ɗinsa tun daga 2014, inda ta shiga gidaje miliyoyi a duniya. Fasahar da ta kasa kwana 50 a rumfar da wani ya riga ya kama, ta yi shekara fiye da goma a rumfar da ta tarar da wuri. Kaya mai kyau yana bukatar kasuwar da ta dace da shi, da farashin da ya dace da kasuwar, da kuma mai kaya wanda zai iya zama har la'asar.