Kyauta da makulli a aljihu

Jama'a, "Baba ya ba ni gidan nan tun yana raye" ba ta isa hujja a gaban alƙali, ko da duk unguwa ta ji. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Shi ya sa nake ganin laifin uban da zai ce wa baligin ɗansa "na ba ka" alhali makulli na aljihunsa, kuɗin haya ma shi ke karɓa. Ai ko Nana A'isha, da Sayyidina Abubakar ya ba ta dabinon gonarsa ba ta ɗebe ba har ajalinsa ya matso, da bakinsa ya shaida mata cewa ya koma rabon magada, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa.